Wane fulogi ya dace da injin ƙaramin jirginka?

Injin ƙaramin jirgin rimot mai shan metanol ba ya tashi da tartsatsin wuta kamar na babur. A cikin fuloginsa akwai wata siririyar waya a murɗe, ta filatinam da aka gauraya da wani ƙarfe. Batir mai volt 1.2 zuwa 1.5 ne ke sa ta ta yi ja a lokacin tayarwa. Da an cire batirin, haɗuwar metanol da filatinam, tare da zafin ƙonewar mai, su ke riƙe mata jan. Haka dabarar take tun ƙarshen shekarun 1940, lokacin da wani mai ƙera ƙananan injina, Ray Arden, ya fito da ita a Amurka.

Kafin ka sayi fulogi, fara duba man da kake sawa. Fulogi mai zafi wayarsa ta fi siranta, yana kunna mai da wuri, don haka ya dace da mai mai ƙarancin nitro (sinadarin da ake haɗawa da metanol don ƙara wa inji ƙarfi), kuma yana riƙe silo sosai. Fulogi mai sanyi wayarsa ta fi kauri, an yi shi ne don nitro mai yawa da injin da ke gudu da ƙarfi. A fulogin kamfanin O.S., mai ƙera irin waɗannan injina, No. 6 (tsohon A3) mai zafi ne, No. 10 (tsohon A5) mai sanyi, No. 8 kuma yana tsakiya. A ganina, mai injin zagaye biyu (wanda wuta ke tashi a kowane juyi) da ke sa nitro kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ya fara da No. 8 kawai. Mai injin zagaye huɗu ya nemi Type F, domin wuta ba ta tashi a kowane juyi, dole wayar ta jure jira.

Injin da kansa zai gaya maka ko ka dace. Idan ka cire batir sai gudunsa ya ragu ƙwarai ko ya mutu, fulogin ya yi wa injin sanyi, ko ya tsufa, ko mai ya yi yawa. Idan kuwa kana jin ƙas-ƙas a sautinsa, kan injin ya yi zafi, fulogi na yawan ƙonewa, to fulogin ya yi wa injin zafi ko ka matse allurar da ke daidaita shigar mai fiye da kima. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, suna ta canza fulogi alhali allurar ce ke neman a ɗan sassauta ta. Kwance fulogin ka duba: waya mai sheƙi lafiyarta ƙalau, wadda ta yi fari-fat ko ta lanƙwashe ta sha wahala. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ko fulogi ko allura.

Kula da tsawo ma. Dogon fulogi a ƙaramin injin da aka yi wa gajere zai iya taɓa fistin. Kada ka yar da washar jan ƙarfe, kuma ka fara ɗaura fulogin da hannu kafin sifana, don kan injin na alminiyom ne, zarensa ba ya da wuyar cinyewa.