Shagon da ke sauraren tsuwar tsohuwar kwamfuta kafin ya kwance ta

A kudancin Jidda, kusa da kasuwar gwanjo ta Sawarikh, akwai wani ƙaramin shagon gyara da 'yan uwanmu Hausawa masu tara kwamfutocin shekarun 1980 suke kai kayansu. Abin da ya fi kawo su shi ne siririyar tsuwar nan mai shiga har ƙwaƙwalwa.

Mai gyaran ba ya saurin ɗaukar sukudireba. Sai ya kara wayarsa a jikin na'urar, manhajar auna sauti ta nuna masa lamba. In ta tsaya wajen 15,700 Hz (wato girgiza 15,700 a daƙiƙa), monitar CGA ce, tsohon samfurin allon kwamfuta mai launi, kuma taransifomar da ke ɗaga wutar kwalbar allon ce ke rawa daidai da saurin zana layuka. Haka aka ƙera ta. Yara na jin ta sosai, dattijo kuwa sau da yawa ba ya ji, shi ya sa ake musu a gida. In ta yi tsanani, yakan sake dalma a ƙafafun taransifomar, ya ɗaure ƙarfen cikinta da ya saki da gam. Monitar VGA, samfurin da ya biyo baya, tana aiki a 31,500 Hz, sama da jin ɗan Adam, don haka in ta yi tsuwa laifin na wani wuri ne.

Tsuwar da ke hawa da sauka galibi daga akwatin da ke ba na'urar wuta take, irin na kwamfutar Apple II. Kafasitocin cikinsa, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta, sun bushe. Nan ne gwanintarsa: yana auna kowace ɗaya, ya sa masu jure zafin digiri 105 a madadin na 85, ya cire tsohuwar kafasita samfurin RIFA tun kafin ta tsage ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Yana kuma duba ko na'urar 'yar Amurka ce mai bolt 110, domin soket ɗin 220 zai kashe ta nan take. Sautin "tsss" mai warin ƙauri kuwa tartsatsi ne a bakin robar kwalbar, danshin Jidda da ƙura ke jawo shi. Kada kowa ya taɓa wurin a gida. Dubban bolt na maƙale a ciki ko an zare filogi.

Inda shagon ya gaza shi ne faifan ajiya. Seagate ST-225 mai juyi 3,600 a minti, in boris ɗinsa ya fara kuka, iyakar mai gyaran ya ce a kwashe bayanai, kuma ba shi da na'urar kwashewar. Ga jinkiri in sai an yi odar kaya daga waje, ga rashin rubuta farashi kafin fara aiki. A yi ciniki tukuna.