Tayar Michelin Road 6 a kan kwana

Wata huɗu ke nan da na sa wa babur ɗina, Yamaha MT-07, tayoyin Michelin Road 6: mai lambar girma 120/70 a gaba, 180/55 a baya. Tsofaffin sun cinye ta tsakiya har sun yi fale-fale, shi ya sa duk lokacin da na shiga doguwar kwana da gudu sai in ji babur yana gardama, ya ƙi kwanciya, sannan ya faɗa gefe farat ɗaya. Gabana kan faɗi.

Yanzu kuwa, ɗan tura hannun dama kawai nake yi, babur ya kwanta dama a hankali, ya riƙe layinsa kamar an ɗora shi kan dogo. Sirrin yana ga robar: tsakiya mai tauri don ta daɗe, gefe mai laushi don ya kama kwalta. Ko da ruwan sama, ban ji bayan ya yi wutsil-wutsil ba.

Amma fa sabuwar taya tana da santsi. Sai da na yi kusan kilomita 150 ina lallaɓawa kafin na amince mata. Kuma ranar da iskar tayar gaba ta ɗan ragu, nan take kan babur ya yi nauyi a kwana, don haka nake auna ta kowane mako, tun tayar na da sanyi.