Huawei Band 8 a Gombe: agogon da ba ya yawan neman caji

Duk wanda zai sayi agogon zamani a Gombe, tambayar da ta kamata ya fara yi wa mai shago ita ce kwana nawa agogon yake yi kafin ya nemi wuta, domin ƙirga taku da auna bugun zuciya da nuna saƙonni duk suna tsayawa ne da zarar fuskarsa ta mutu. Mutanen wannan gari ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka shafe makonni ana fama da duhu, sannan a watan Oktoba na shekarar aka sake shiga wani duhun da ya game yawancin jihohin Arewa. A irin wannan hali, wutar janareto ko ta sola da mutum ya samu wayarsa ce za ta fara sha, sai tocila, sai fanka mai caji. Agogo a ƙarshen layi yake, saboda haka wanda ya fi dacewa da mu shi ne wanda zai iya jira.

Da wannan ma'auni na auna Huawei Band 8, wanda kamfanin ya fitar a 2023, kuma na daɗe ina ɗaura shi. Siriri ne, nauyinsa giram 14 idan an cire maɗauri, kaurinsa bai kai milimita 9 ba, fuskarsa kuma inci 1.47 ce irin ta AMOLED. Wasu za su ce bai cika agogo ba, ɗan awarwaro ne kawai na motsa jiki, amma yana nuna lokaci da saƙonni da sunan mai kira, yana bibiyar barci, kuma yana tayar da mutum daga barci, wanda shi ne yawancin abin da jama'a ke nema.

Kamfanin ya ba da alƙaluma uku game da batirinsa, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya nutsu: kwana 14 idan an yi amfani da shi sama-sama, kwana 9 idan an yi amfani na yau da kullum, kwana 3 kacal idan an bar fuskar a kunne ba ta mutuwa. Masu shago lambar farko kawai suke faɗa, ita ce kuma aka fi bugawa a talla, alhali kuwa ta tsakiya ce ta fi kusa da abin da mutum zai gani a hannunsa. Ni dai da bugun zuciya a kunne dare da rana, da bibiyar barci, da saƙonnin mutane ƙalilan, nakan haura mako guda ban nema masa caja ba, kuma wannan ya yi daidai da abin da aka yi alkawari. Tazarar da ke tsakanin kwana 14 da kwana 3 ita ce ke nuna inda wutar take tafiya. Fuska ce babbar mai cin batir. A fuskar AMOLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙin ɗigo kuwa a kashe yake, don haka wanda ya zaɓi hoton fuska mai baƙin bango ya fi wanda ya ɗora hotonsa ko na 'ya'yansa samun kwanaki. Ranar Gombe kuma tana tilasta wa mutum ƙara haske idan yana waje da tsakar rana, ƙarin hasken nan kuwa daga batir ake biyan sa.

Na biyu a cin wuta, a ganina, shi ne girgizar da agogon ke yi idan saƙo ya shigo, kuma wannan matsala ce da ta fi shafar mu. Mutum guda yana cikin zauren WhatsApp na dangi, da na unguwa, da na masallaci, da na tsofaffin ɗalibai, da na wurin aiki, kuma kowane zaure da asuba sai an jero gaisuwa da addu'o'i, ranar Juma'a ma ba a magana. Kowane saƙo yana sa ƙaramin injin da ke cikin agogon ya motsa, fuskar kuma ta kunnu na ɗan lokaci. Wanda ya bar duk waɗannan suna isa hannunsa kada ya yi mamaki idan kwanakinsa suka ragu sosai. Da na rufe wa zaurukan baki, na bar kira da saƙonnin mutum ɗaya-ɗaya, sai bambancin ya fito fili. Haka nan auna iskar oksijin ta jini a kai a kai yana da tsada a wajen batir, saboda fitilun da ke bayan agogon sai sun riƙa kunnuwa, kuma mai lafiya ba ya bukatar wannan awo kowane lokaci. Dama ba na'urar asibiti ba ce, bai kamata mai hawan jini ko ciwon zuciya ya dogara da ita ya bar zuwa wurin likita ba.

Kwatanta shi da manyan agogo yana taimakawa. Tun da Apple Watch ya fito a 2015, shekaru da dama alƙawarin kamfanin awa 18 ne, samfurin Ultra na farko kuma awa 36. Samsung ya ce Galaxy Watch 6 yana kai awa 40, ko awa 30 idan fuskar na kunne koyaushe. Waɗannan agogo suna yin abin da Band 8 ba zai taɓa yi ba, domin ƙananan kwamfutoci ne masu ɗaukar manhajoji da taswira, ana kuma magana da su kamar waya. Amma ga wanda ke zaune a Bolari ko Tudun Wada, wanda bai san ko za a kawo wuta yau da dare ba, agogon da sai an ciyar da shi kullum kamar jariri ƙarin ɗawainiya ne. Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Batirin lithium yana tsufa ne da yawan cikawa da ƙarewa, kuma Apple da kansa ya ce batirin agogonsa zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000. Agogon da ake cika wa kullum zai cinye wannan adadi cikin ƙasa da shekara uku, wanda ake cika wa sau ɗaya a mako kuwa sai dai shekaru da zafi su tsufar da shi.

Zafin nan ba abin rainawa ba ne. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Gombe yakan kusanci digiri 40 ko ya taɓa shi, batirin lithium kuwa ba abin da ke lalata shi da wuri kamar zafi, musamman idan a cike yake. Barin agogo a gaban mota an rufe gilashi, ko sa shi caji a kan taga inda rana ke dukan sa, yana rage masa kwana fiye da kowane irin amfani.

Wajen caji, Band 8 ya burge ni. Kamfanin ya ce minti 45 ya isa ya cika shi, minti biyar kuma na ba shi kimanin kwana biyu, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba: tsakanin wanka da karin kumallo ya samu abin da zai kai shi kwanaki. Batirin bai kai mAh 200 ba (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), wayoyin da ke hannun jama'a kuwa yawanci 5,000 ne, don haka ɗan abin da zai tsotsa daga fawa banki ba ya ko nunawa. Sai dai a lura, yawancin fawa banki suna kashe kansu idan abin da aka jona musu yana jan wuta kaɗan, domin suna ɗauka ba komai a jiki. Wasu suna da tsarin ƙaramar wuta da ake kunnawa da danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi, kuma ya kamata a duba wannan kafin a zargi agogon. Wayar cajinsa ta musamman ce, mai maganaɗisu da ƙananan ƙusoshi biyu, ba irin ta wayar salula ba, saboda haka masu shagon cajin waya ba za su iya taimakon wanda ya baro ta a gida ba. Gumi da ƙurar hunturu kan taru a kan ƙarafan da ke bayan agogon, kuma idan caji ya ƙi shiga, goge wurin da busasshen ƙyalle yakan wadatar.

Amfanin dogon batir yana bayyana da dare. Agogon da ke kwana a jikin caja ba zai bibiyi barci ba, ba zai kuma tayar da kowa ba. Wannan kuwa yana kwana a hannu, ya girgiza lokacin asuba ko sahur ba tare da ya tashi jariri ko sauran mutanen ɗaki ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na ƙi rabuwa da shi. Yana jure ruwa a matakin 5 ATM, wato matsin ruwa mai zurfin mita 50, don haka alwala da ruwan sama ba sa yi masa komai, ko da yake nakan sassauta shi domin ruwa ya game hannu, in kuma bar fatar ta bushe kafin in ɗaure.

Tsawon batirin nan da wani abu aka saye shi. Babu GPS a cikinsa, wanda ke gudu da safe a wajen filin wasa na Pantami kuma yana son ganin taswirar hanyar da ya bi, dole ya tafi da wayarsa. Babu lasifika, don haka ana ganin kira, ana iya yanke shi, amma ba a amsawa a yi magana ta agogon. Manhajar Huawei Health kuma, wadda ke haɗa agogon da waya, sakamakon takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019, mai wayar Android yakan sauke ta ne daga AppGallery, wato shagon manhajojin Huawei, ko shafin kamfanin, abin da kan rikita wanda bai saba ba, sannan sai ya shiga saitin batirin wayar ya hana ta kashe manhajar a ɓoye, in ba haka ba saƙonni su daina zuwa.

Wasu masu saye kan ga waɗannan giɓi su karkata ga agogo masu araha, masu faɗin fuska, waɗanda ke kwaikwayon siffar manyan agogo kuma ba su da sunan kamfanin da za a riƙe. Wani ƙanena ya sayi irinsu, mai shago na ta cewa, "Alhaji ƙarami, wannan har waya za ka amsa da shi," kuma gaskiya ya faɗa, ana amsawa. Amma lasifika da Bluetooth na kira suna kwashe batirin kafin magariba, bayan wasu watanni kuma ko yini ba ya kaiwa, ga shi an manne bayansa da gam yadda sauya batir ba zai biya kuɗin aikin ba.

Band 9 ya fito a 2024, Band 10 kuma a 2025, alƙaluman batirinsu ba su yi nisa da na wannan ba, don haka duk wanda aka samu da sauƙin farashi a cikinsu ya isa. Mai saye ya nemi a haɗa masa agogon da wayarsa tun a shago domin ya tabbatar manhajar kamfanin ta gane shi, tunda jabu ba ya shiga cikinta, ya kuma tambayi farashin wayar caji ta biyu kafin ya fita.