Ishaya 14: Shaiɗan ne ko sarkin Babila?

Tsakanin Kiristocin Damagaram, in aka zauna nazarin Littafi Mai Tsarki aka kai Ishaya 14:12, inda tauraron asuba ya faɗo daga sama, fassara kan rabu biyu.

Ta farko ita muka fi ji a wa'azi: Shaiɗan ne, mala'ika mai daraja da girman kai ya kayar. Masu wannan ra'ayi suna haɗa ayar da Ezekiyel 28, mai maganar kerub, wani irin mala'ika, a gonar Adnin, da Luka 10:18, inda Yesu ya ce ya ga Shaiɗan ya faɗo kamar walƙiya. Tsohuwar fassara ce, malamin Kirista Orijin ya koyar da ita tun ƙarni na 3.

Ta biyu cewa take a karanta surar daga farko. Aya ta 4 ta faɗa ƙarara cewa waƙar zambo ce ga sarkin Babila. Ana kiransa mutum, tsutsotsi sun zama shimfiɗarsa, ko kabari bai samu ba. Yaushe aka taɓa jana'izar mala'ika? Ezekiyel ma sarkin birnin Taya ya ambata. Malamin Kirista Kalbin, a ƙarni na 16, ya yi watsi da fassarar farko.

Ni dai ta biyu ta fi kwanta mini. Amma ba ta wanke Shaiɗan ba: Wahayin Yahaya 12 ya kama sunansa, Mika'ilu ya yaƙe shi, aka jefo shi ƙasa. Sura ta 20 ta ce za a ɗaure shi shekara 1000, daga baya a jefa shi tafkin wuta.