Asibitin yaran da muka kai ɗana a Garwa, ga abinda na gani

Wata biyar yake da haihuwa abin ya fara. Da ya farka daga barci sai kansa ya faɗo gaba ya ware hannaye kaman wanda aka razana, sakan ɗaya biyu ya saki, ya kuma, ya kuma, har sau goma sha a jere sannan ya fashe da kuka. Ba zazzaɓi ba kumfa a baki, shi yasa ba wanda ya kawo farfaɗiya a ransa. Uwar mijina tace iska ce, aka yi hayaƙi aka sha rubutu, a ƙaramin asibitin unguwarmu kuma aka ce ciwon ciki ne aka bamu siro. Sati uku muka ɓata a haka, yaron da ke min dariya ya daina ko kallon fuskata.

Ƙanwata ce ta matsa muka taso daga Gidar zuwa wani asibiti mai zaman kansa a Garwa. Maganar gaskiya zaman jira ba daɗi, tun bakwai na safe muka miƙa karne, wato littafin asibiti, sai bayan azahar aka kira mu, ga zafin Garwa na watan Afrilu, fanka ɗaya ce a ɗakin kuma juyi kawai take ba iska. Na wajen karɓar kuɗi ma Faransanci zalla yake yi kaman dole.

Amma likitar wallahi ta gama min komai. Da na fara kame-kamen bayani sai tace "maman yaro, kin ɗauka a waya?" Na miƙa mata, ta kalli bidiyon sau uku bata ce uffan ba, sannan ta tuɓe shi tana duba fatarsa ko akwai fararen tabo, wai akwai wata cuta ta gado da ke zuwa da su. Aka yi gwajin maleriya da na suga, washegari aka yi EEG, gwajin aikin ƙwaƙwalwa, wato an manna masa ƙananan wayoyi a ka yana barci a cinyata, ba zafi ba allura. Ta nuna min takardar, layukan duk sun hargitse, tace wani nau'in farfaɗiya ne, sunan ciwon West, wani likitan Ingila ne ya fara bayyana shi a 1841 a jikin ɗan cikinsa, kuma ya fi kama jarirai 'yan wata 3 zuwa 12. Tace Gardénal ɗin da aka saba ba masu farfaɗiya ba shine maganin wannan ba.

Prednisolone ta ɗora shi a kai, sati biyu da ƙarfi sannan a rage a hankali, ta ja min kunne kar na kuskura na tsayar lokaci guda. Yayi kumatu, ga ci ga rigima cikin dare, duk zuwa sai an auna hawan jininsa. Ta ce in bai ji ba sai a koma Sabril, wanda shi kuma sai ana duba lafiyar idon yaron, kuma na tambaya a farmasi uku a gari babu, sai dai a aiko daga Yawunde.

A kwana na shida jijjigar ta tsaya. EEG na biyu yayi kyau sosai, saura hoton ƙwaƙwalwa da tace a yi, baban shi na haɗa kuɗin. Har yanzu bai zauna da kansa ba, amma jiya ya kamo ɗankwalina ya ja yana ƙyalƙyata dariya. In za ku je ku tafi da ruwan sha da mafici, ku kuma cika wayarku da caji.