Zafin Dubai ya fi na Kano, amma a nan lebura na da lokacin hutu

'Yan uwa na gida, duk wanda ya ce muku ɗan Kano ba ya jin zafin Dubai, to bai zo a watan Yuli ba. Namu na Afrilu busasshe ne, ka samu inuwar darbejiya ka zauna, ka kurɓi ruwan randa, ka dawo hayyacinka. Na nan da danshi yake tafe, saboda teku na gefe. Ma'auni ya haura 45, iska ta yi nauyi, kana fitowa daga shago tabaran idonka ya yi hazo, kafin ka kai masallaci riga ta manne a gadon baya. Dare ma babu sauƙi, balle a yi zancen shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana jiran iskar asuba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu daban ne. Ina aiki wajen masu tura kaya gida, a Deira, inda 'yan kasuwarmu na Kwari da Sabon Gari suke sauka. Ran nan muna tsakiyar loda kwantena a fili, kwalaye jibge, mai kaya sai kira yake daga Kano, shugaban leburorinmu, wani ɗan Pakistan, ya duba agogo ya tafa hannu. Sha biyu da rabi ta yi. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ce masa ai saura kaɗan, mu ƙarasa mana. Ya ce ko kwali ɗaya ba za a ɗaga ba sai ƙarfe 3. Aka shiga rumfa mai fanka, aka kawo ruwan sanyi da ƙullin gishiri da sukari na zubawa a gora, wasu suka yi matashi da takalmansu suka kwanta.

Ba tausayin mai gida ba ne, doka ce. Tun 2005 ake wannan hutu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana tsakanin 12:30 da ƙarfe 3, kuma kamfanin da aka kama zai biya tarar dirhami 5,000 a kan kowane ma'aikaci, har ta kai 50,000. Saudiyya na da irin tata, Katar ma haka, su tun ƙarfe 10 na safe suke tsayawa.

Ina zaune a rumfar nan ba wanda ya faɗo mini a rai sai Kawuna, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dako a kasuwar Singa. Buhun sukari mai kilo 50 a wuya, azahar tsaka, ƙafa cikin silifas a kan kwalta mai turiri. Ku tuna azumin 2024 da ya faɗo cikin Maris da Afrilu, yadda ƙanƙara ta yi tsada, yadda mutane suka riƙa jiƙa zani suna lulluɓa. A cikin wannan ranar masu tura kurar ruwa suke haura unguwanni, masu kwaɓa siminti suna hawa bene da kwano a ka. Wanda ya yanke jiki ya faɗi sai a yayyafa masa ruwa, a ce sannu, rana ce ta buge shi, a kira wani ya ƙarasa ɗaukar buhun. Abin da ya fi ci mini rai, alhazan da suke sa su aikin su ne dai suke zuwa nan, da idonsu suna ganin an tsayar da lodin kayansu, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Su koma gida kuma ko rumfar kwano ba za su kafa wa 'yan dakonsu ba.

Na kira Kawu na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, su albashi ake ba su. Ni in na zauna, wa zai ba ni kuɗin cefane?” Gaskiyarsa. A wurinmu da buhu ake biya, hutu kuwa asara ce. Amma me zai hana shugabannin kasuwa su mayar da sauke tirela sassafe da bayan la'asar? Me zai hana kowane layi ya ajiye ruwan sha? A nan ƙofar masallatai da gidaje da yawa akwai na'urar ruwan sanyi ta sadaka, kowa ya sha ya wuce. Mu ma fa iyayenmu suna ajiye randa da moɗa a ƙofar zaure, mu muka bari.

Kada ku ɗauka daɗi kawai ake sha. Tankin ruwa a saman gini yake, da rana famfo tafasasshe yake zubowa, sai mun tara a bokiti ya huce kafin a yi wanka ko alwala. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, ka fito daga sanyi ka faɗa zafi ka koma sanyi, mura ba ta rabuwa da mutum. Ɗaki ɗaya mu da yawa, gado a kan gado, kuɗin gadon kuma ya isa hayar ɗaki sukutum a Kurna. Wuta dai ba ta ɗaukewa, jirgin ƙasa da aka buɗe a 2009 da sanyinsa, har wasu rumfunan jiran bas an sa musu. Amma duk kantunan nan ban samu abin da ke kashe ƙishi irin kunun tsamiya ko furar da aka dama da nono mai kyau ba. Akwai wani nono na roba da suke kira laban, da shi nake rage zafi.

Kuma dokar kanta tana da giɓi. Ranar 15 ga Satumba take ƙarewa, alhali danshi a watan bai tafi ko'ina ba. Washegari za mu koma fili da tsakar rana, sai dai kowa ya riƙe gorarsa kusa.