Wata huɗu a wani ɗakin gashin ƙashi da ke Katsina

Ƙanena yana da shekara 34. An haife shi bayan doguwar naƙuda, bai yi kuka ba sai da aka jima, kuma ƙarancin iskar da ƙwaƙwalwarsa ta samu a lokacin ne ya bar shi da lalurar da likitoci ke kira sarebral falsi. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma jikin da ya shekara talatin yana tafiya a karkace yakan gaji da wuri, shi ya sa ciwon ƙugu da na baya suka tasa shi a gaba, musamman da hunturu, lokacin da tsokokin ƙafarsa ke ƙara sandarewa. A kan haka muka fara zuwa wani ɗakin gashin ƙashi mai zaman kansa da ke wajen Ƙofar Ƙaura.

Abin da ya fara burge ni shi ne, ma'aikacin bai dube ni ba sa'ad da yake tambaya. Ya jawo kujera ya fuskanci ƙanena ya ce, "Malam, ina ne ya fi damun ku, kuma da wane lokaci?" Sannan ya jira har amsar ta fito, duk da nauyin harshensa. Wanda bai taɓa raka irin wannan majinyaci asibiti ba ba zai san girman wannan ba, domin mun saba a riƙa yi mini bayani a kansa alhali yana zaune.

Aikin nasu mai natsuwa ne. Sukan ɗora tawul mai ɗumi a bayan cinya na ɗan lokaci kafin su fara miƙar da ƙafar a hankali, ba tare da fizga ba. Sun kuma gano cewa bencin da yake wuni a kai yana ɗinkin hula na cikin abin da ke rura ciwon, suka sa muka canza shi da kujera mai majingina. Game da kasala kuwa, sun bayyana mana cewa tafiyar da mai lafiya ke yi ba tare da ya ji ba tana cinye wa ƙanena ƙarfi mai yawa, saboda haka ya riƙa yanka aikinsa gida-gida yana hutawa a tsakani. Sun gargaɗe shi kan Diclofenac, maganin ciwon da yake saye a kemis kullum, saboda illarsa ga ciki da ƙoda.

Inda suka gaza shi ne batun damuwa. Ranar da ya ce barci ya ƙaurace masa kuma ba ya sha'awar fita ko zuwa majalisa, haƙuri kawai aka ba shi, alhali ciwo mai daɗewa da ƙuncin zuciya suna ciyar da juna, kuma kamata ya yi a tura shi wurin likitan da ya san fannin. Mu muka nema da kanmu.

Akwai kuma matakala uku a bakin ƙofa, babu gangare babu abin dafawa, abin mamaki a wurin da aka buɗe domin masu fama da ƙafa. Kuɗin zama biyu a mako, haɗe da na Keke Napep, ya kusa cinye ribar hulunansa.

Duk da haka muna ci gaba da zuwa, sau ɗaya a mako yanzu. Ciwon bai tafi ba, amma jiya ya kammala hula guda kafin La'asar bai nemi magani ba.